Wai sai an duba kayan tarihi kafin a canza kwalbati ɗaya tal?

Sabon_Injiniya:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah waɗanda suka riga mu a harkar nan ku taimaka min da haske. An ba ni kula da aikin canza kwalbati a wata hanyar karkara, hanyar burji ce, tsohon bututun na ƙarfe ne tsatsa ta cinye ƙasansa, bara ma ruwa ya zaftare kusan rabin hanyar. Za mu cire shi mu sa na kankare mai faɗi. To sai naga a takardar aikin an sa sharaɗi wai kafin katafila ta taɓa ƙasa sai mai binciken kayan tarihi ya zo ya duba ko akwai yiwuwar wani abu na binne a wurin. Ni abin da ya ɗaure min kai, wurin nan fa an riga an haƙa shi tun lokacin da aka sa bututun farko, an cike, motoci sun yi shekara da shekaru suna bi ta kai, to me kuma ya rage da za a gani? Ga damina na tafe, in ruwa ya sauka ba mu gama ba mutanen da ke tsallake shikenan an raba su da asibiti. Me ake dubawa takamaimai, kuma yana cin lokaci?

Malama_Tarihi:
Wa alaikumus salam Injiniya. Tambayarka tana kan hanya, kuma rabin maganarka gaskiya ce. Ramin da aka binne tsohon bututu a ciki, wannan kam an gama da shi, ƙasar ciki ciko ce, ko an samu tsingaro a ciki ba zai gaya mana komai ba tunda ba a san daga ina aka kwaso shi ba. Ba shi ne damuwarmu ba.

Amma ka ɗauko zanen aikinka ka duba da kyau. Kai da bakinka ka ce sabon ya fi tsohon faɗi, kenan ramin zai wuce bakin na da, wataƙila ma ya fi shi zurfi. Ga katangun gefe da za ku gina a mashiga da mafitar ruwa. Ga hanyar ratse da za ku buɗe wa motoci kafin a gama. Ga inda za a ajiye katafila da tifa da yashi, ga inda za ku ɗebo marmara ta ciko. Duk waɗannan fa ƙasa ce da wataƙila babu wanda ya taɓa sa mata diga, kuma sau da yawa in ka haɗa faɗinsu sun ninka ramin kwalbatin kansa sau da dama. Su muke zuwa dubawa.

Sannan ka tambayi kanka me ya sa aka sa kwalbati a nan tun farko? Saboda ruwa na bi. Inda ruwa ke bi kuwa nan mutane ke zama tun fil azal, ba cikin fadamar ba, a ɗan tudun da ke kallon ƙoramar, inda ambaliya ba ta kaiwa amma tulu na kaiwa. Hanyoyin karkara da yawa kuma kan tsohuwar turba aka shimfiɗa su, mashigin da ka gani yau ƙila shi ne mashigin mutanen da. Shi ya sa a lardin Ontariyo na Kanada ƙa'idarsu ta 2011 ta ɗauki ƙasar da ke cikin mita 300 daga ruwa a matsayin mai yiwuwar ɗauke da kayan tarihi, sai in an tabbatar an riga an dagula ta sosai. A Amurka ma tun dokar 1966 aikin da kuɗin gwamnatin tarayya ya shiga sai an duba tasirinsa kan wuraren tarihi.

Yadda aikin yake, matakin farko a tebur ake yinsa. Tsoffin taswirori, hotunan sama na da da na yanzu, rajistar wuraren da aka taɓa samun abu a kusa, da irin ƙasar wurin. Daga nan sai a je a taka da ƙafa. Ni in na je wurin da na fi so na fara tsayawa shi ne gaɓar rafin inda ruwa ya yanka, don nan ƙasa ta buɗe kanta kyauta, kana ganin hawa-hawa kamar an yanka da wuƙa. Wani lokaci sai kaga wani baƙin layi siriri ya ratsa jar ƙasa, kaurinsa bai wuce tafin hannu ba, in ka kankare da wuƙa sai gawayi da toka da ɓaraguzan tukunya su fito, to wannan murhun wasu ne. Muna duba kashin maƙera, dutsen niƙa, gatarin aradu, tudun da bai yi kama da na Allah ba. Kuma muna zama da dattawan da ke kusa, don su ne za su ce maka can gindin bishiyar nan kufai ne, ko kakanninmu sun ce akwai kushewa a nan, abin da babu taswirar da ta rubuta.

Baba_Mai_Katafila:
Yaro ka ji maganar Malama ka riƙe. Ni shekarata ashirin da wani abu a kan injin haƙa, ban yi boko mai zurfi ba amma na ga abin da idona. Wani aiki da muka yi irin naka sak, kamfanin ya ce ba lokaci a wuce kawai. Ramin kwalbati lafiya lau ba komai. A hanyar ratse ne, ina kankare saman ƙasa ko gwiwa ban kai ba, sai naji bokiti ya daki wani abu ƙwas, na ɗaga naga bakin wata babbar tukunya ya dare biyu, da na sauko na leƙa wlh ƙasusuwan mutum ne a ciki a naɗe. Jikina ya mutu. Na kashe inji na zauna a kan taya na kasa magana. Kafin la'asar mutanen gari sun cika wurin, aiki ya tsaya sati uku cur, inji na haya yana zaune, lebura na zaune, daga ƙarshe dai hanyar ratsen aka mayar ɗaya gefen, abin da da an duba tun farko rana ɗaya ta isa a gane. Har yau in na tuna ƙarar nan ba na jin daɗi, don mutum ne aka kwantar da shi da mutunci ni na zo na fasa masa makwanci.

Abban_Sadiya:
Ni dai ku yi haƙuri ina da ja. Malama duk abin da kika faɗa na ji, amma rayayye fa ya fi tsingaro. Mace mai naƙuda ce za a ɗauko a mota a tarar hanya ta yanke, ita za a ce wa ta jira ana rubuta rahoto? Na sha ganin ƙaramin aiki ya kwana wata da watanni saboda takarda na yawo daga tebur zuwa tebur. In babbar hanya ce ko madatsar ruwa na yarda, amma bututu ɗaya?

Malama_Tarihi:
Abban Sadiya ban ƙi taka ba ko kaɗan, kuma takardar da ke kwana a ofis laifin masu riƙe ta ne, ni ma tana ƙona min rai. Amma shi binciken kansa a aiki ƙarami irin wannan ba abin watanni ba ne, kwanaki ne, kuma ana iya yinsa tun ana zane kafin ma a kawo inji. Da yawa a matakin farko suke ƙarewa, a rubuta cewa gefen hanya duk ciko ne da lambatu, ko gangare ne mai tsananin tsayi, ko wuri ne da ruwa ke kwance kullum, a ci gaba da aiki. In an ga ɗan yanki mai kyau da ba a taɓa ba, shi kaɗai za a gwada. A tsarin Ontariyo ɗin nan ramuka ake yi da shebur, faɗin kowanne kamar santimita 30, tazarar mita 5 tsakani, a tankaɗe ƙasar a rariya mai ido milimita 6. Mutum biyu ko uku sun isa su gama gefen kwalbati ba tare da an daɗe ba.

Abu ɗaya da zan ƙara wa Injiniya, shebur ba ya kai wa ko'ina. A bakin ruwa laka na taruwa shekara bayan shekara tana binne abu da zurfi, kuma laka mai jiƙe da iska ba ta shiga tana adana itace yadda busasshiyar ƙasa ba ta iyawa. Kwalekwalen Dufuna, wani ƙauye a jihar Yobe, da aka gano a 1987, wani makiyayi ne ke haƙa rijiya ya ci karo da shi a zurfin kusan mita 5, tsawonsa ya haura mita 8, shekarunsa wajen 8,000. Mutum-mutumin sojojin yumɓu na ƙasar Sin ma manoma ne masu haƙa rijiya suka tono su a 1974. Ba ina cewa za ka samu irin wannan ba, yawanci ba a samun komai. Amma in raminku zai nutsa ƙasa da na da, ka nemi mai binciken ya tsaya a bakin rami ranar da za a haƙa wannan sashen.

Kuma ko rahoto ya ce ba komai, ka tara ma'aikatanka ka gaya musu: in an ga ƙashi ko tukwane ko baƙar ƙasa mai gawayi, a kashe inji, a kewaye wurin, a ɗau hoto, kar kowa ya ciro komai ya sa aljihu ko ya wanke, a kira hukumar da ke kula da kayan tarihi, in ƙashin mutum ne har da 'yan sanda. Gawayin nan da ake rainawa da shi ake auna shekarun wuri, amma sai in an san daga wane hawa na ƙasa ya fito.

Sabon_Injiniya:
Na gode ƙwarai Malama, Baba Allah ya ƙara girma. Yau da safe na koma wurin da zanen a hannu, sai yanzu na lura hanyar ratsen da muka tsara ta bi ta kan wani ɗan tudu ne a gefen gabas, kuma da na sauka gaɓar rafin na tsinci tsingaro guda huɗu masu zane kamar an danna igiya a jiki, na ɗau hoto na bar su inda suke. Gefen yamma kuwa tsohon ramin ɗibar ƙasa ne tun na aikin farko. Na kira mai binciken zai zo jibi, kuma na riga na ce wa mai zane ya gwada mayar da ratsen yamma mu ga ko tifa za ta iya juyawa a wurin. Malama in ya zo akwai takardun da ya kamata na tanadar masa ban da zanen?