Lagireto a bayan bas: injin yana zafi a kan hanya, me zan gyara?

Mai Bas Fara: Assalamu alaikum jama'a. Bas ɗin nan da nake mayarwa ɗakin kwana na gama cikinta, saura matsala ɗaya. Injin Cummins 8.3 ne a baya, lagireto ma a can bayansa yake, jikin ƙofar baya. Idan tana tsaye ko awa biyu ta yi a kunne allurar zafin injin ba ta wuce digiri 82. Da na hau babban titi na wuce gudun kilomita 80 a awa sai ta kama hawa, a kan tudu kuwa har 102 na gani. Ina tunanin cire fankar bel in sa na lantarki guda huɗu. Wanda ya taɓa yi ya ba ni shawara.

Tsohon Direba: Wa alaikumus salam. Kada ka soma.

Ɗan Walda: Ka fara wanke lagireton tukuna, Oga. Daga ta ciki, ta wajen injin.

Baban Gareji: Ɗan'uwa zauna ka ji abin da ya same ni, don ramin da kake shirin faɗawa ni na riga ka shiga. Tawa ma haka take, lagireto a baya. Na cire fankar injin na jera na lantarki huɗu, wanda ya sayar min ya rantse za su riƙe ta. A cikin gari lafiya lau. Ranar da na ɗauki iyali muka kama doguwar hanya, tudu na biyu muna tsakiyar hawa allura ta haura 105, kafin in sami wurin tsayawa ruwa ya fara tsiri ta marfi. Gasket ya tafi, tof silinda ya lanƙwashe. Mun kwana a bakin titi da yara ƙanana, har yau idan na tuna raina ɓaci yake.

Daga baya na zauna na yi lissafin da ya kamata in yi tun farko. Fankar lantarki babba tana jan amfiya 30 a kan bolt 12, wato wat 360, rabin doki ke nan a ma'aunin ƙarfin inji. Huɗu sun zama doki biyu. Ita kuwa fankar da injin ke juyawa a irin wannan mota takan ci doki 15 zuwa 20, wani lokaci fiye, idan injin ya buɗe wuta. Ina biyu ina ashirin? Motar da lagiretonta ke gaba iskar gudu ce ke yi mata yawancin aikin, shi ya sa ƙaramar fanka ke isarta. A baya babu wannan gatan. Duk iskar da za ta ratsa lagireto fanka ce za ta tura ta da ƙarfin tsiya, kuma iskar daga ƙarƙashin mota take zuwa, ta riga ta shafi injin da salansa ta ɗauki zafi.

Amma abin da ya fi cutar da ni ba ma fankar ba ce. Bayan na mayar da ta bel, zafin bai tafi duka ba. Sai wani dattijon bakanike ya sa na ɗaɗɗaura gutsattsarin zare a kewayen lagireto, muka tayar da injin, muka ga zaren gefe suna komawa ciki. Ashe iskar zafin da ta fita ta baya tana zagayowa ta ramukan gefe ta sake shiga fanka. Iska ɗaya ce take ta kewaya. Muka toshe duk wata kafa tsakanin lagireto da bodi da roba da fallen ƙarfe, muka gyara gidan fanka yadda fikafikan suka shiga ciki kamar rabi zuwa kashi biyu cikin uku, tazarar bakinsu da ƙarfen ba ta fi kaurin yatsa ba. Tun daga ranar ban sake ganin 95 ba.

Mai Bas Fara: Subhanallahi. Allah ya kiyaye gaba, Baba. Gidan fankar tawa ma a fashe yake ta ƙasa, na ɗauka ba wani abu ba ne.

Baban Gareji: To ka ga ɓarawonka nan.

Injiniya Ƙarami: Ni da zan ba da shawara a juya fankar kawai, ta riƙa jawo iska mai sanyi daga waje ta baya maimakon ta tura mai zafi.

Tsohon Direba: Yaro, ka taɓa duba gilashin bayan bas bayan tafiyar awa uku? Ƙurar da ke manne a wurin ita za ka shayar da lagiretonka, haɗe da hayaƙin salansa. Bayan mota idan tana gudu iska ja take yi waje, kai kuma kana so fanka ta yi kokawa da ita.

Injiniya Ƙarami: Baba ai akwai manyan bas da ke jawo iska daga waje.

Tsohon Direba: Ta gefe suke jawowa, ba ta baya ba. Lagireton gefe daban ne.

Ɗan Walda: Kuma ko ka kife fikafikan fanka iska ba ta canja hanya, ƙarfinta kawai ke raguwa. Sai dai ka sayi wadda aka ƙera don ja.

Injiniya Ƙarami: Wannan kam ban sani ba, na gode.

Hajiya Mai Tafiya: Ku duba tiyon numfashin injin. A tamu a gaban fanka yake zubar da tururin baƙin mai, fanka ta watsa shi jikin lagireto, ƙura ta bi ta manne ya zama kamar laka. Maigidana ya ƙara masa tsawo ya fitar da shi can ƙasa bayan lagireto. Kuma idan akwai na'urar sanyaya iskar tabo (turbo, mai cusa wa injin iska) a gaban lagireton, dattin a tsakaninsu yake ɓuya, daga waje ba za ka gani ba. Haska tocila ta gefe ɗaya, wani ya tsaya ta ɗayan gefen ya ga ko haske na fitowa.

Ɗan Walda: Abin da na faɗa tun farko ke nan ba wanda ya kula ni. Sai da Hajiya ta faɗa.

Baban Gareji: Haƙuri za ka yi, ita ta zo da tocila.

Ɗan Walda: To a wanke da sabulun cire maiƙo da ruwa mai sauƙin ƙarfi. Injin wankin mota mai feshi da ƙarfi kwantar da saƙar lagireto yake yi.

Na Kan Hanya: Ku cire tamostat, abin nan da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto idan injin ya yi zafi, ku huta. Mun yi shekaru muna haka.

Tsohon Direba: A'a Malam. A injina da yawa tamostat idan ya buɗe shi ne kuma yake rufe hanyar da ruwa ke bi ya koma injin ba tare da ya je lagireto ba. Ka cire shi, wani kaso na ruwan ya riƙa zagaye a cikin injin yana ƙara zafi. Da safe kuma injin ya daɗe bai ɗumama ba, dizal bai ƙone da kyau.

Na Kan Hanya: Ni dai tawa ba ta taɓa tafasa ba.

Tsohon Direba: Taka injinta a gaba yake ko a baya?

Na Kan Hanya: A gaba.

Tsohon Direba: To.

Mai Bas Fara: Tunda ana maganar ruwa, ni zallan ruwa nake zubawa. Na ji an ce ya fi ɗaukar zafi.

Injiniya Ƙarami: Ya fi ɗauka, gaskiya ne, amma 8.3 silib ɗinsa, wato bututun ƙarfen da fistin ke kai-komo a ciki, a cikin ruwa yake tsaye, ba kamar Cummins 5.9 ba. Girgizar fistin tana haifar da ƙananan kumfa a jikin silib, suna fashewa suna cin ƙarfen har su huda shi, ruwa ya gangara cikin baƙin mai. Ruwan sanyaya na manyan injinan dizal yana da sinadarin da ke hana wannan. Rabi da rabi ake haɗawa. Marfin lagireton ma a gwada shi, don marfi mai riƙe matsi na bar 1 yana kai tafasar ruwa kusan digiri 120, wanda ya saki kuwa a 100 za ka ga tururi.

Baban Gareji: Amma kada ya ɗora marfi mai ƙarfi a kan tsohon lagireto, ya bi lambar da kamfani ya rubuta.

Hajiya Mai Tafiya: Giyarka otomatik ce? Idan ta kamfanin Allison ce, zafin man giya ma cikin ruwan injin yake juyewa, a kan tudu abin ya zama biyu.

Mai Bas Fara: Allison ce, Hajiya.

Tsohon Direba: To sai tuƙi. Idan ka tunkari tudu kada ka bar ta a babbar giya kana danne totur injin yana nishi. Sauko da giya da hannunka, injin ya juya da sauri, don fanka da famfon ruwa da juyawar injin suke tafiya. Gudu zai ragu amma allura za ta tsaya. Kuma idan ta yi zafi ka tsaya, kada ka kashe nan take, bar ta tana aiki minti biyar ta sauko.

Na Kan Hanya: Wasu suna sa bututun feshin ruwa a jikin lagireto, in allura ta hau su danna.

Baban Gareji: Yana saukar da zafi a take, amma gishirin ruwan yana daskarewa a saƙar, bayan wata shida ka ƙara wa kanka aiki.

Injiniya Ƙarami: Ni har yanzu ban yarda allurar tasa gaskiya take faɗa ba. Wayar da ta taso daga bayan bas har gaban direba mita goma ce ko fiye, in ta tsufa karatu yana kaucewa. A auna da ma'aunin zafi na hannu a kan gidan tamostat.

Mai Bas Fara: Gobe in Allah ya kai mu zan fara da tocila da zare. Ɗan Walda, gidan fankar nan na roba ne, ana iya ƙera na fallen ƙarfe a madadinsa?

Ɗan Walda: Ana yi. Turo min faɗin fankar da tsawo da faɗin lagireton, da tazarar da ke tsakaninsu.