Masu gwajin zinariya da azurfa a da: daga wa za a fara?

Ɗan Kurmi: Salamu alaikum jama'ar zaure. Cikin ma'aikatan da sarakuna suka riƙa naɗawa don gwada ingancin kuɗin zinariya da na azurfa, tarihin wa kuke ganin ya fi dacewa a fara da shi? Aikin kansa nake so in gane, yadda ake yinsa da hannu.

Malamar Tarihi: Wa alaikumus salam. Fara da Masar, ƙanena. Tun da Abdulmalik ɗan Marwan ya tsayar da dinari a kan giram 4.25 a shekara ta 77 bayan hijira, kula da nauyi da ingancin kuɗi ya zama muhimmin aiki a daular Musulunci. Ibn Ba'ara ya rubuta yadda ake aiki a gidan buga kuɗi na Masar a zamanin Sarki Alkamil, wanda ya yi mulki daga 1218 zuwa 1238. Tace zinariya a wancan zamani haka yake: a daka ta ta zama falle-falle, a jera a tukunyar laka, kowane falle da garin jan bulo da gishiri a tsakani, a liƙe baki, ta kwana a wuta. Gishirin ne ke cinye azurfar da ke ciki. A wanke, a auna, a sake. Ranar da nauyi ya daina raguwa, ta tsarkaka. Kuskuren shi ne a cika wuta: da fallayen sun narke sun dunƙule, gishiri ba ya kai wa cikinsu.

Maƙerin Fari: Hajiya ta faɗi gaskiya, amma kada a tsallake dutsen gwaji, don shi ne kayan aikin yau da kullum. A Indiya zamanin Sarki Akbar akwai ma'aikaci mai suna sairafi, yana da allurai masu zinariya waɗanda an san ingancin kowace, ma'auninsu kuma hawa 12 ne. Baƙin dutse mai laushin fuska ake nema. A goga kuɗin ya bar layi, a goga allura biyu hagu da dama, a duba a hasken rana, ba na fitila ba. Daga baya aka ƙara da ɗigon asid na naitirik: layin da tagulla ta yi wa yawa zai dushe, na kirki ya tsaya. Rauninsa dai fata yake gani. Abin da aka yi wa ruwan zinariya zai wuce salin alin, sai an ɗan goge shi da zarto an gwada cikin.

Baban Zaure: To shi ya sa, Malam, hukunci na ƙarshe na wuta ne. Ana yin ɗan kasko da tokar ƙashi. A yanki azurfa kamar rabin giram, a auna sosai, a naɗe ta da dalma. Mai kashi 90 cikin ɗari tana son dalma kusan ninki 7. In tagulla ta kai rabi, ninki 16 ko 17. A sa a wuta mai zafin digiri dubu ko kusa da haka, iska na ratsawa. Dalmar za ta kwashi tagulla, kaskon ya shanye su, a bar ɗan ƙwallo mai ƙyalli. Nauyinsa shi ne amsar.

Wuri uku ake faɗuwa. Wuta ta yi sanyi, ƙwallon ya daskare da sauran dalma, nauyi ya fi gaskiya. Ta yi yawa, azurfa ta bi kasko da hayaƙi, a zalunci mai kaya. A yi gaggawar fitarwa, ƙwallon ya tofar da iskar da ya sha, ɓurɓushi ya fantsama. In zinariya ce, a haɗa ta da azurfa ninki uku, a daka, a naɗe kamar tabarma, a dafa a asid ya cinye azurfar. In azurfar ta gaza, zinariya na rufe ta, asid ya kasa shiga.

Ɗan Kurmi: Allah ya ƙara girma, Baba. To su masu gwajin, wa ke gwada su?

Malamar Tarihi: Nan ne Ingila ta cancanci karatu. Tun ƙarni na 13 ake ware samfuri daga kowane bugu a kulle a akwati, daga baya a tara maƙeran zinariya su rantse, su gwada da wani farantin zinariya ko azurfa da aka ajiye a matsayin mizani. Har yau ana yi a Landan. A 1710 aka ce kuɗin zinariyar da Isaac Newton ke shugabantar bugawa sun gaza. Shi kuwa ya tsaya kai da fata cewa sabon farantin mizani da aka yi a 1707 ne ya fi ƙa'ida tsarki, aka kuma koma ga tsohon faranti. Wannan shari'a kam a karanta ta da natsuwa.

Maƙerin Fari: Ga wanda za ka iya gwadawa da hannunka, Malam: riyal ɗin Mariya Tereza mai shekarar 1780, tsabar azurfa ta ƙasar Austria, wanda ya yi yawo har Borno da ƙasar Hausa, maƙera na narka shi su yi mundaye da zobba. Nauyinsa giram 28 da ɗoriya, azurfarsa kashi 83.3. Ɗaure shi da zare, ka tsoma a kofin ruwan da ke kan sikeli, kada ya taɓa gindi. Na gaske zai ƙara kusan giram 2.75, jabun farar tagulla mai nauyi ɗaya ya haura 3. Ka kakkaɓe kumfan da ke manne masa kafin ka karanta. Jabun dalma da kuza zai iya tsallake wannan, don haka ka ɗora shi a kan yatsa ka ƙwanƙwasa: azurfa na jan ƙara, dalma kuwa tim take yi ta yi shiru.