Ta ya ake gane tsohon da maƙarƙashiya za ta kama tun kafin abin ya yi tsanani?

Maman Ilham: Salam 'yan uwa, na fara aiki a wani gidan kula da tsofaffi, kuma wlh matsalar bayan gida ta fi damuna, sai mutum ya kwana huɗu bai zaga ba kuma kunya ta hana shi faɗa. Dan Allah wa ya kamata in fi sa wa ido?

Nas Hauwa: Wslm. Fara da na kwance waɗanda ba sa tashi, masu shanyewar ɓarin jiki, masu ciwon suga da masu mantuwa. Sannan ki duba magungunansu, tiramadol, kodin da maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe duk suna busar da ciki. In mutum yana zagawa ƙasa da sau 3 a sati, ko sai da yunƙuri, to maƙarƙashiya ta kama shi. Ki riƙa rubuta ranar da kowa ya zaga.

Abu Sadik: Ruwa fa! Tsoho ba ya jin ƙishi kamar yaro, wasu ma da gangan suke ƙin sha don gudun fitsarin kwance, ga ba haƙora sai koko da shayi da burodi kullum. A haɗa musu da gwanda, miyar kuka da zogale mai laushi.

Nas Hauwa: Haka ne Malam. Kuma 'yar uwa in kin ga zawo kaɗan-kaɗan a wandon wanda ya daɗe bai zaga ba, kar ki ba shi maganin tsai da zawo, wataƙila kashi ne ya daskare ruwa ke tsiyaya ta gefe. In da amai, kumburin ciki ko jini, a kira likita nan take.