Furotin ɗina na raguwa duk sanda na fito da shi daga firiza, ina matsalar take?

Ɗalibar_Lab: Salamu alaikum jama'a, don Allah a taimaka min. Na fasa ƙwayoyin sel na zuba ruwan duka a tub ɗaya na jefa firizar digiri -20 na Salsiyas, duk ranar da zan yi Western blot (gwajin da ke nuna furotin ɗin da ake nema a matsayin layi) sai in narkar in ɗiba in mayar. Da farko layin ya fito ɓaro-ɓaro, yanzu kuwa dishi-dishi, ga wasu ƙananan layuka can ƙasa da babu su da. Antibodi, wato abin da ke kama furotin ɗin don layinsa ya fito, shi ne ya mutu ko samfurin?

MaiPipet: Wa alaikumus salam malama. Ƙananan layukan nan ai sun tona asiri, furotiyes ne, wato sinadaran cikin sel masu yanka furotin, ke daddatsa miki shi duk sanda ya narke, musamman in a kan benci kike barinsa ba cikin ƙanƙara ba. Sannan daskarewar kanta ba ta barinsa lafiya, ruwa zalla ne ke fara zama ƙanƙara, sai gishiri da furotin su matsu cikin ɗan ruwan da ya rage, nan furotin ke warwarewa ya dunƙule, kina juya shi a santirifuj (injin da ke juya tub da sauri don mai nauyi ya sauka) ya bi gurɓi ya kwanta ƙasa ke kuma ki ɗebi na sama. Ki raba shi ƙananan tub tun ranar farko, kamar maikirolita 50, ki sa maganin hana furotiyes, ki tsoma a ruwan naitirojin ya daskare nan take, sai firizar -80. Wanda aka narkar ba ya komawa firiza.

Baba_Tiris: Wace irin firiza ce tukuna? In mai narkar da ƙanƙararta da kanta ce to ɗumi take ɗan yi lokaci-lokaci, ko ba ki taɓa samfur ba yana shan wuya. Kuma wane bafa, wato ruwan da ke daidaita tsamin samfur, kika sa? Sodiyam fosfet in ya daskare pH ɗinsa (ma'aunin tsami) na iya faɗuwa daga 7 zuwa wajen 4, wato ya yi tsami.

Ɗalibar_Lab: Tabɗi, fosfet ɗin ne kuwa Baba! Gilisarol fa, ruwan nan mai kauri, zai taimaka?

Baba_Tiris: Kashi 50 cikin ɗari yana hana daskarewa a -20, amma ni antibodi da enzayim (furotin mai hanzarta aikin sinadarai) nake yi wa haka. Tunda blot kawai kike yi 'yata, ki tafasa samfurin da bafan Laemmli (bafan shirya samfur don blot) ki raba ki ajiye a -20 ɗin, SDS, wato sinadarin sabulu da ke cikin bafan, ya riga ya warware komai. Kar dai ki cire antibodin nan daga zargi da wuri, ki haɗa sabon samfur ki zuba shi gefen tsohon a jel ɗaya (abin da ake raba furotin a cikinsa bisa girma), in sabon ma ya fito dishi-dishi ki dawo mu yi maganar antibodi.