Wai Gundam katun ɗin yara ne?

Nura: Jama'a yau raina a ɓace yake. Ina kallon Gundam a waya, yayana ya leƙo ya ce ƙato da gemu yana kallon katun ɗin yara. To na faɗa, kuma zan maimaita, anime, wato katun ɗin Japan, na manyan butum-butumi irin su Gundam aikin fasaha ne kamar duk wani fim mai ma'ana. Gundam na 1979 labarin yaƙi ne. An tsunduma Amuro, ɗan shekara 15, cikin kashe-kashe, kuma waɗanda yake kashewa su ma mutane ne masu iyali. Yoshiyuki Tomino da ya tsara shi a 1941 aka haife shi, ana tsaka da yaƙin duniya.

Sadik: Ai yayanka bai yi ƙarya ba. Kai da bakinka ka ce ɗan shekara 15. Yara ke nan.

Maryam: Haba Sadik, don akwai yaro a labari sai ya zama na yara? Evangelion na 1995 fa, shi ma anime na butum-butumi? Shinji, jarumin labarin, shekararsa 14, amma zaunar da ƙaninka ya kalli kashi biyu na ƙarshe, inda aka ajiye faɗa gefe aka shiga cikin ƙwaƙwalwar yaron, in ya gane ka dawo.

Sadik: Wa ya zuba kuɗi a Gundam? Clover, kamfanin kayan wasan yara. Da kasuwa ta ƙi, aka datse shirin daga kashi 52 zuwa 43. Tallar roba ce kawai.

Maryam: Ka kawo mana hujja ba ka sani ba. Yaran ne suka ƙi shi, matasa suka raya shi, har kamfanin Bandai ya fara sayar da samfurin butum-butumin da ake harhaɗawa a 1980.

Sadik: Su matasan ba yara ba ne?

Kawu Bala: Ku duka yara ne. Mu da muka kalli Voltron a NTA, a cika falon maƙwabta, zakuna biyar su haɗe su zama ƙato guda, ana zaro takobi a ɗauke wuta, mu ne za mu yi magana.

Maryam: Kawu, da girmanka, ni fa 'ya'yana biyu.

Kawu Bala: Ba da ke nake ba, 'yata.

Sadik: Kawu, Voltron ai na Amurka ne, bai shigo maganar nan ba.

Habu: Kai Sadik, komai sai ka yi musu. Na Japan ne, GoLion sunansa, 1981. Amurkawa sun yanke wuraren jini suka sake masa suna a 1984.

Sadik: Wanda bai biya ni kuɗin datana ba tun azumi ba shi da bakin gyara mini magana.

Habu: A nan za ka tona? To kawo lambar asusunka.

Nura: Jama'a, maganar fasaha fa nake yi.

Kawu Bala: A matsayina na admin, na rufe. Abin da aka cimma shi ne kowa ya yarda Voltron ne gaba, Habu ma ya kawo hujja. Gundam kuwa Sadik ya nuna talla ce. Nura, ka ba yayanka haƙuri. Habu, a biya kuɗin data kafin Juma'a.