Wace kalma za mu ba "rule" ta cikin Makefile?

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu koyar da rubutun manhaja da Hausa. Akwai wata kalma da muka kwana uku muna juyawa a nan Birnin Kebbi, wato "rule" ta cikin Makefile (fayil ɗin da ke gaya wa manhajar make yadda za ta haɗa fayiloli su zama cikakkiyar manhaja), kuma ni dai na tsaya a kan "ƙa'idar haɗi".

Maganar ta taso ne daga aikin wani ɗalibina da ke rubuta manhajar lissafin buhunan shinkafa da harshen C. Da fayilolinsa suka yi yawa, sai ya rarraba su cikin ƙananan foldoji, na ajiya a src/rumbu, na ciniki a src/kasuwa, amma ya bar Makefile ɗin yadda yake. Yana buga make sai allon ya rubuto masa "No rule to make target", da sunan build/buhu.o a gaba, wato fayil ɗin da ya kamata a samar daga buhu.c. Ya juyo fuska a yamutse ya ce, "Malam, wace doka na karya?" Wannan tambaya ta tsaya mini a rai, domin fassarar da muka saba yi wa "rule", wato "doka", ita ce ta ɓatar da shi.

Bai karya komai ba. Layin build/%.o: src/%.c na cikin Makefile ɗinsa yana neman buhu.c ne a bakin src, alhali fayil ɗin ya koma ɗakin ciki. Gyaran shi ne a bar kowane fayil da cikakkiyar hanyarsa, buhu.o ya zama build/rumbu/buhu.o, a ƙara src/*/*.c a wurin tattaro fayiloli tunda src/*.c ba ya leƙa ciki, sannan a sa mkdir -p (umarnin ƙirƙirar folda) kafin gcc (manhajar da ke juya rubutun C zuwa harshen na'ura), domin gcc ba ya ƙirƙirar folda da kansa.

Doka abu ce da ake bi ko a taka a sha hukunci, kuma babu hukunci a nan. Wani abokin aikina ɗan Argungu ya kawo "umarni", wadda ta fi kusa, sai dai kashi ɗaya cikin uku kawai ta ɗauka. Tun da Stuart Feldman ya rubuta make a Bell Labs a 1976, kowace "rule" sassa uku gare ta: abin da ake so a samar, abubuwan da ya dogara a kansu, da umarnin da ake rubutawa bayan an danna Tab. Make yana duba lokacin da aka taɓa kowane fayil, kuma ba ya sake aiki sai ɗaya daga cikin abubuwan dogaro ya fi abin da aka samar sabunta.

Shi ya sa nake son "haɗi". Duk wanda ya taɓa ganin ana haɗa yaji ya san akwai kayan haɗi, akwai yadda ake bi, akwai kuma abin da zai fito daga turmi. Da wannan kalma sauran suna biyowa ba tare da an matsa musu ba: abubuwan dogaro su zama "kayan haɗi", umarnin ya zama "matakan haɗi", Makefile kuwa "kundin haɗi". Da na karanta wa yaron saƙon a matsayin "babu ƙa'idar da za ta haɗa build/buhu.o", bai sake tambaya ba, ya koma yana bin sawun fayil ɗinsa.

Saura "target", wato abin da ake so a samar. Na gwada "abin nema" a aji, amma ba ta zauna mini a baki ba tukuna, don haka ina son jin yadda malamanmu na Gusau da Talata Mafara suke kiranta ga ɗalibansu.