Sabuntawar Windows ta ƙi shiga, kullum lamba 0x800f0922

Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau kwana huɗu ina fama da laftof ɗina mai Windows 10, sigar 22H2. Sabuntawar tana sauka lafiya lau, amma da na sake kunna laftof ɗin sai sabuntawar ta cije a kashi 30, ta warware abin da ta yi, ta jefo min 0x800f0922.

Na share jakar SoftwareDistribution (inda Windows ke ajiye fayilolin sabuntawa), na gwada umarnin sfc /scannow mai duba fayilolin Windows, ya ce komai lafiya. Fili kuwa akwai, har 60GB. Wani mai gyara a Samaru ko dubawa bai yi ba, wai sai dai a goge laftof ɗin gaba ɗaya. Aikina na kammala digiri ne fa a ciki, ga data tana ta ƙonewa.

Yaya zan sa sabuntawar da hannu ba tare da na rasa fayilolina ba?